Babi na Uku: Jirgin da Ba Ya Tashi

"Yana tashi kuwa?" Ita ce tambayar farko da baƙo ke yi idan idonsa ya sauka kan ɗan ƙaramin jirgin yaƙi da aka ajiye a kan kanta. Da an ce masa a'a, sai ta biyu ta biyo: to mene ne amfaninsa? Wani kunya za ta hana shi furtawa, amma fuskarsa ta riga ta faɗa. Magidanci da iyalinsa, ya kwashe makonni yana manna guntayen roba da gam, ƙarshenta ya samu abin da ko motsi ba ya yi. A gari irin Abuja, inda ma'aikaci ke barin Kubwa ko Nyanya tun duku-duku don ya riga cunkoso, ya dawo bayan magariba a gajiye, lokaci ba abin wasa ba ne. Saboda haka mai tambayar yana da hujja, kuma ya cancanci a ba shi amsa dalla-dalla. Bari mu fara da buɗe kwalin.

Abin da ke cikin kwali

Kwalin ƙaramin jirgi bai fi littafin makaranta girma ba. Idan ka ɗaga murfin ba jirgi za ka tarar ba. Firam biyu ne ko uku na roba mai ruwan toka, kowanne da ƙananan sassa maƙale a jikinsa, kowane sashi da lambarsa a gefe. Gangar jikin jirgin a rabe take gida biyu, dama da hagu. Ga fukafukai, na sama daban na ƙasa daban. Ga farfela, ga tayoyi, ga kujerar matuƙi da sandar tuƙinsa wadda sai da hantsaki ake iya ɗaukarta. Akwai wani ɗan firam mai garai-garai, shi ne gilashin da ke rufe mazaunin matuƙi. Sai takardar tambura da lambobi, sai kuma takardar umarni, wadda kusan dukanta zane ne da kibiyoyi, ta yadda wanda ba ya jin harshen ƙasar da aka yi kayan ma zai iya bi. A masana'anta narka robar ake yi a tura ta da ƙarfi cikin mazubin ƙarfe, shi ya sa ake samun zanen ƙusoshi da layukan faifan jikin jirgi waɗanda sai ka kawo ido kusa za ka gan su.

A jikin kwalin za ka ga an rubuta 1:72, ko 1:48. Wannan shi ne ma'auni, kuma shi ya raba wannan aiki da kayan wasan yara. Idan an ce 1:72, ana nufin duk santimita 72 na jirgin gaske an mayar da shi santimita 1. Jirgin Spitfire na Ingila, daga bakin wannan fiffike zuwa wancan, mita 11.23 ne, a wannan ma'auni sai ya dawo kimanin santimita 15 da rabi. A ma'aunin 1:48 kuwa zai haura santimita 23. Lambar 72 ba da ka aka zaɓe ta ba: mutum mai tsawon ƙafa 6 inci 72 ne, don haka a gefen jirgin zai tsaya inci 1 cif.

Amfanin tsayawa kan ma'auni ɗaya yana bayyana ne ranar da jiragenka suka zama biyu. Ajiye Spitfire kusa da Dakota, jirgin dakon kaya mai faɗin fukafukai kusan mita 29, wanda samfurinsa zai kai santimita 40. Nan take idonka zai fahimci abin da lambobi a takarda ba su iya fahimtar da kai ba.

Inda aka faro

A Ingila aka fara sayar da irin waɗannan kwalaye a ma'aunin 1:72, a 1932, da sunan Skybirds, kuma na katako ne sai ka sassaƙa ka goge. A 1936 kamfanin Frog ya fito da na roba. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, sai abin ya tashi daga nishaɗi ya zama larura. Mai harbo jirgi daga ƙasa yana da daƙiƙoƙi kaɗan ya tantance ko abin da ke tahowa nasu ne ko na abokan gaba, kuma kuskure a nan rai ne. A 1942 rundunar sojin ruwan Amurka ta nemi 'yan makaranta su sassaƙa mata samfura 500,000 a wannan ma'auni, a shafe su da baƙin fenti, don a koya wa sojoji gane jirgi daga siffarsa kawai.

Bayan yaƙi ne abin ya shiga gidaje. Kamfanin Airfix, wanda wani ɗan ƙasar Hangare mai suna Nicholas Kove ya kafa a Landan a 1939, kuma ya yi suna wajen yin matajin kai na roba, ya fitar da ɗan Spitfire a shekarun 1950 ana sayar da shi cikin leda a kan sule biyu. Yaran da iyayensu suka dawo daga fagen fama suka yi masa rubdugu. Daga baya Revell na Amurka, da Tamiya da Hasegawa na lardin Shizuoka a Japan, da wasu a Italiya da Rasha da Sin suka cika kasuwa. Masu wannan sha'awa sun kafa ƙungiyarsu ta duniya a Ingila a 1963, kuma duk watan Nuwamba sukan yi babban baje koli a garin Telford.

Mu ma ba baƙi ba ne a aikin hannu irin wannan. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san motar kara da motar langa-langa, ya kuma san yaron unguwa da idan ya kalli tirela sau ɗaya zai fitar da ita da gwangwani har da madubin gefe. Da yawa sun yi jirgin kara da farfelarsa mai juyawa idan an yi gudu da shi. Idon nan da hannun nan su ne dai ake buƙata. Abin da kwali ya ƙara shi ne sharaɗi: wannan karon ba jirgin da ka ga dama za ka yi ba, wani jirgi ne takamaimai da ya taɓa wanzuwa, mai lambarsa da launinsa da matuƙinsa.

Wane jirgi, a ina, yaushe?

A nan ne ainihin amsar take, don haka zan ɗan daɗe.

Ɗauki kwalin jirgin Hurricane, ɗan'uwan Spitfire wanda bai kai shi suna ba amma ya sha aiki. A cikin wasu kwalayen za ka tarar da sassa biyu na ƙasan hancin jirgin: ɗaya sumul, ɗaya kuma da wani ƙaton kumburi a ƙarƙashi. Takardar umarni za ta ce ka zaɓi ɗaya. Ba za ka iya zaɓa ba sai ka san jirgin da kake ginawa a ina ya yi aiki. Kumburin nan matatar iska ce da aka ƙara wa jiragen da aka tura Afirka, domin ƙurar hamada tana cinye inji cikin ɗan lokaci. Wanda ya taɓa buɗe matatar iskar motarsa a ƙarshen hunturu ya san abin da ake gudu. To daga wannan ɗan guntun roba sai tambaya ta haifi tambaya: ta ina waɗannan jirage suka bi suka isa hamadar Masar da Libiya?

Da yawansu ta Kano suka bi.

A watan Yuni 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙi, sai hanyar Bahar Rum ta zama mai haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya. Zagayawa ta ƙarshen kudancin Afirka kuma tafiyar watanni ce. Sai aka ɓullo da wata dabara: a kwance jiragen yaƙi, a zuba su cikin manyan akwatunan katako, a kawo su ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da yau ake kira Gana. A can makanikan sojin sama tare da ma'aikata 'yan ƙasa suke fasa akwatunan, su ɗaura fukafukai, su sa farfela, su gwada inji. Daga nan jiragen su tashi rukuni-rukuni, jirgin Blenheim mai inji biyu yana gaba da mai duba hanya, ƙananan suna biye. Su sauka Legas, su sauka Kano, su sauka Maiduguri, su wuce Fort Lamy wato Injamena ta yau, su ratsa Darfur zuwa Khartum, sannan su bi Kogin Nilu har Alƙahira. Tafiya ce ta kusan kilomita 6,000, ta kimanin kwana shida. Rukunin farko ya tashi a watan Satumba 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya.

Mai gina irin wannan Hurricane zai lura da wasu abubuwa a tsofaffin hotuna: tankunan ƙarin mai a ƙarƙashin fukafukai, da farin fenti da aka shafa wa wasu a bayan gangar jiki da jela, don idan jirgi ya yi saukar dole a daji masu nema su hango shi daga sama. Farin fentin nan kaɗai ya isa ya gaya maka cewa ba duk wanda ya tashi ne ya isa ba.

Tarihin ma ya girmi haka. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojin saman Birtaniya uku, ƙirar DH.9A masu fukafukai hawa biyu, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar, kuma daga wannan sauka ake yawan ƙirga farkon sufurin sama a Najeriya. Jagoran tafiyar shi ne Arthur Coningham. Shekaru 16 bayan haka, shi ne aka ba ragamar rundunar saman da ke yaƙi a hamadar Arewacin Afirka, wato rundunar da jiragen hanyar Takoradi ke zuwa ƙarfafawa. Ita kanta Spitfire tana da alaƙa da mu: runduna ta 91 ta sojin saman Birtaniya, wadda ta yi aiki da Spitfire a kudancin Ingila, tana ɗauke da sunan Najeriya ne saboda gudummawar kuɗin da aka tara a nan don sayen jirage. Dakota kuwa, mazan jiya da suka je Bama sun san ta farin sani, domin runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, wadda akwai 'yan Arewa a cikinta, ta sama ake jefa mata abinci da harsashi a kwarin Kaladan.

Ba kasafai hoton jikin kwali ke nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Galibi sararin samaniyar Ingila ko Jamus ake zanawa. Mai haɗa jirgi a Garki ko Gwarimfa shi zai nemo nasa labarin, kuma ni a ganina wannan neman ya fi gam da fenti daraja.

Akwatunan yaƙin basasa

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda labarin akwati ya yi ta maimaituwa a ƙasar nan. An kafa rundunar sojin saman Najeriya, wadda hedkwatarta ke Garki a yau, a watan Afrilu 1964, da taimakon masu horarwa daga Jamus ta Yamma. Lokacin da yaƙin basasa ya fara a watan Yuli 1967, ƙananan jiragen koyo da na sufuri kawai take da su. Ɓangaren Biyafara ne ma ya riga kai hari ta sama, da wani tsohon jirgi ƙirar B-26, ragowar Yaƙin Duniya, wanda aka zana wa bakin kifi mai haƙora a hanci. Matuƙinsa, Jan Zumbach ɗan ƙasar Polan, ya taɓa tuƙa Hurricane da Spitfire a yaƙin Ingila da Jamus, kuma filin jirgin Makurɗi na cikin wuraren da ya kai wa hari.

A watan Agusta 1967 manyan jiragen dakon kaya na Tarayyar Sobiyet suka fara sauka a Kano ɗauke da jiragen MiG-17 a kwance, aka haɗa su a nan filin jirgin. Aka kuma samo jiragen L-29 daga Cekoslobakiya, daga baya Il-28 masu jefa bom, waɗanda matuƙa 'yan Masar suka tuƙa. A ɗaya ɓangaren, a 1969, wani basaraken Siwidin mai suna Carl Gustaf von Rosen ya samo ƙananan jiragen koyo biyar ƙirar MFI-9, aka kai su Gabon su ma a kwance, aka haɗa su, aka shafa musu koren fenti, aka rataya musu rokoki a ƙarƙashin fukafukai. Ranar 22 ga Mayu 1969 suka kai hari filin jirgin Fatakwal, suka biyo da Benin da Inugu. Faɗin fukafukan MFI-9 bai kai mita 7 da rabi ba. A ma'aunin 1:72 da kaɗan ya wuce santimita 10, kuma idan ka ajiye shi gefen Il-28 za ka daɗe kana kallonsu. Wanda ke son ganin wasu daga cikin jiragen ɓangarorin biyu ido da ido, akwai su a gidan tarihin yaƙi na ƙasa da ke Umuahia, wanda aka kafa a 1985.

Bayan yaƙi ma ba a rabu da akwati ba. Jirgin koyon nan da aka sani da Air Beetle, wanda aka haɗa guda 60 a Kaduna aka horar da matuƙan sojin sama da shi, ya samo asali ne daga RV-6A, jirgin da wani kamfanin Amurka ke sayarwa guntu-guntu ga masu son haɗa nasu da hannunsu. Ba ina cewa wanda ya manna fiffiken roba ya zama injiniya ba. Abin da nake cewa shi ne, yaron da ya saba karanta zane, ya san me ake fara sawa kafin me, ya san dalilin da ya sa jela take da sassa masu motsi, idan wata rana ya shiga Kwalejin Sufurin Sama ta Zariya ko Cibiyar Fasaha ta Sojin Sama a Kaduna, ba zai shiga a matsayin baƙo ba.

Tebur ɗaya, a Abuja

Kwalin kansa ba kaya ba ne da ake shimfiɗawa a kowace rumfa. Hanya mafi sauƙi ita ce oda ta intanet, ko saƙo ta hannun ɗan'uwa mai dawowa daga tafiya, kuma da yake da kuɗin waje ake saye, farashinsa na bin canji. Tare da kwalin ya kamata a yi odar gam na musamman da 'yan ƙananan kwalaben fenti. Sauran kayan aiki kuwa suna nan kusa: reza ko ƙaramar wuƙar yankan takarda, abin yankan farce don cire sassa daga firam, hantsaki, tsinken sakace, robar ɗaure kuɗi, maƙalan shanya, da salatif na takarda. Kasuwar Wuse ta wadatar da waɗannan. Samfefa mai laushi sosai, irin wadda masu fentin mota ke jiƙawa da ruwa, ita ake so, ba mai kaushi ta kafintoci ba.

Gam ɗin nan ya kamata a fahimce shi, domin ba manne yake yi irin na sauran ba. Narkar da fuskar robar yake yi kaɗan, sassan biyu su haɗe su zama abu ɗaya. Saboda haka ɗigo kaɗan ya isa, kuma idan ya taɓa yatsanka ka dafa jikin jirgin, zanen yatsan ya zauna ke nan sai an goge da samfefa. Gilashin matuƙi kuwa kada a kusance shi da wannan gam, kada kuma a sa masa sufa gulu, domin tururinsa yana bar masa farin hazo. Farin gam na kafintoci, a bakin tsinke, shi ne daidai. Idan ya bushe ba a ganinsa.

Daga ciki ake farawa. Za ka fenta kujera da allon agogunan matuƙi tun suna waje, ka manna su a ɓari ɗaya na gangar jikin. Kafin ka sa gam, sai ka haɗa ɓarin biyu haka nan a bushe ka duba ko bakinsu ya hau. Idan akwai inda ya ƙi, ka kankare kaɗan, ka sake gwadawa, ka sake. Sai sun hau lif sannan ka bi layin da gam, ka ɗaure da roba, ka ajiye har gobe. Washegari ka goge layin haɗin har ya ɓace, ka ɗaga jirgin saitin taga ka juya shi a hankali; haske zai nuna maka duk inda ya rage.

MiG-17 tana da nata tarkon. Hurricane da Spitfire ƙaramar tayarsu a jela take, amma ta MiG a hanci take. A jirgin gaske nauyin bindigogi da na'urori yana riƙe gaban. A na roba gaban fanko ne. Idan ba ka cusa ɗan noti ko guntun dalma a cikin hancin ba kafin ka rufe gangar jikin, ranar da ka gama ka ɗora ta a kan tayoyinta sai ta zauna daɓas a kan jela, hanci a sama. Kuma a lokacin ƙofa ta riga ta rufe.

Sai yanayin garinmu, wanda takardar umarnin da aka rubuta a Turai ko Japan ba ta san da shi ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ba ta barin ɗanyen fenti. Da ka gama shafawa ka kife robar abinci mai tsabta a kai, ka kuma yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin kafin ka fara. Bushewar iska tana sa fentin ruwa ya daskare a bakin buroshi, don haka a tsinka shi, a yi shafi siriri sau biyu ko uku maimakon mai kauri sau ɗaya. Da damina kuma jinkirin bushewa ne matsalar, sai haƙuri. A zafin Maris da Afrilu kada a bar kwali cikin mota a rana, fukafukai lanƙwashewa suke yi. Batun wuta kuwa da sauƙi: injin feshi yana son lantarki, buroshi ba ruwansa, kuma hasken safiyar Asabar a bakin taga ya fi kowace fitila nuna gaskiyar launi. A bar taga a buɗe saboda warin gam, a kuma ɗauke reza daga inda ƙananan yara za su kai hannu.

Tambura su ne kusan ƙarshe. A yanko ɗaya, a tsoma shi cikin ruwa mai ɗumi na 'yan daƙiƙoƙi, a jira ya saki takardarsa, a zame shi kan fiffike da jiƙaƙƙen buroshi, a daidaita, a danne da ƙyalle mai laushi. Tambarin sojin saman Najeriya, da'irar kore da fari da kore, ba kowane kwali ke zuwa da shi ba. Akwai ƙananan kamfanoni da ke buga tamburan ƙasashen Afirka daban, wanda kuma hannunsa ya faɗa zai iya yanka da'irori a salatif ya fenta nasa.

Tambayoyi biyu da ba a tsallakewa

Ta farko ta addini ce, kuma mai karatu Bahaushe zai yi ta. Malamai sun bambanta tsakanin siffanta abu mai rai da marar rai, jirgi kuwa ƙarfe ne kamar mota. Abin da kan sa wasu waswasi shi ne ɗan mutum-mutumin matuƙi da ke zuwa a wasu kwalaye. Ba dole ba ne a sa shi. Da yawan ƙwararru ma barinsa suke yi don a ga aikin da suka yi a kujera da allon agogo. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya ajiye shi gefe, ya kuma tuntuɓi malaminsa.

Ta biyu ta fi nauyi: shin wannan ba ƙawata makamin kisa ba ne? Ban ɗauki tambayar da wasa ba. Jiragen da muka ambata sun kashe mutane, kuma ba duka sojoji ba. A yaƙin basasa bama-bamai sun faɗa kan kasuwanni da asibitoci a Gabas. Ranar 5 ga Yuni 1969 wata MiG-17 ta harbo jirgin agaji na ƙungiyar Red Cross. A zamaninmu ma, ranar 17 ga Janairu 2017, jirgin soja ya jefa bom bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno, rayuka da dama suka salwanta. A ɗaya gefen kuma akwai matasan da suka shiga waɗannan jirage ba su dawo ba. Mutanen Abuja ba su manta da ranar 28 ga Satumba 2018 ba, lokacin da jiragen F-7 biyu suka gogi juna a saman Katampe suna atisayen bikin 'yancin kai, matuƙi Bello Baba-Ari ya rasu. Duk ranar 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ana ajiye furanni a garin nan don tunawa da irinsu.

Abin da nake ba da shawara, kuma nake ganin shi ya raba mai hankali da mai sha'awar makami kawai, shi ne a rubuta ɗan kati a ajiye a gaban kowane jirgi: ƙirarsa, inda ya yi aiki, shekarar, da abin da ya aikata, mai daɗin ji da marar daɗi. Idan yaro ya tambaya, a karanta masa katin duka, kada a tsallake layi.

Da wanne za a fara?

Da ƙarami, mai inji ɗaya, a ma'aunin 1:72, wanda sassansa ba su wuce talatin ko arba'in ba. Akwai kwalayen masu koyo da ke zuwa da gam da buroshi da fenti a haɗe, kuma su suka fi dacewa da wanda oda ke yi wa nisa. Jirage masu fukafukai hawa biyu irin waɗanda suka sauka Kano a 1925 a bar su sai hannu ya nuna, saboda sanduna da wayoyin da ke tsakanin fukafukan. Jiragen da ake bari da launin azurfa su ma a jinkirta, don wannan launi ba ya ɓoye ko ƙwarzane ɗaya. Hurricane mai matatar hamada ita ce zaɓina ga mai farawa a nan ƙasar: sassanta kaɗan ne, jikinta yana jure kuskure, kuma ta sha mai a Kano da Maiduguri.

Idan an haɗa ta an goge, za ta tsaya a gabanka da ruwan tokarta tana jiran launi. Jiragen hamada launi uku aka san su da shi, ruwan ƙasa mai duhu da ruwan yashi a sama, shuɗi mai haske a ciki, kuma kowanne da dalilinsa. Yadda ake haɗa waɗannan launuka, da yadda ake fitar da iyakar da ke tsakaninsu da buroshi kaɗai, da yadda ake sa jirgi ya nuna alamar ya sha rana da ƙura ba tare da ya zama ƙazami ba, su ne aikin babi na gaba.